Ƙafar Ɗan Dako da Ƙarfen Wanzami

Malam mai filin shawara,

Don girman Allah ka taimake ni, kuma ka taimake ni da wuri, don abin da nake tsoro an riga an sa masa rana. Ka gafarce ni da na sa kuka gaba da gaisuwa, ina gaishe ka da aiki. Ka kuma yi haƙuri da rubutuna, a ajin Yaƙi da Jahilci na koya, hannun da ya saba da kunnen buhu alƙalami yana yi masa ƙanƙanta. Sunana ba zan faɗa ba, sunayen da zan ambata ma na sake su, domin a nan Nguru duk ranar da jirgi ya kawo jarida akwai wani akawu da ke karanta ta da ƙarfi a inuwar bakin tasha, mutane su kewaye shi, kuma wanda zan yi magana a kansa ba ya rasa zaman.

Ni ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa. Asalina Gashuwa, gidan masunta a bakin kogi. Ubana ya rasu ina ƙarami, sai ƙanin mahaifiyata, Kawu Yuguda, ya ɗauko ni ya kawo ni nan, ya riƙe ni riƙon ɗan cikinsa. Mai jakuna ne, yana safarar kanwa da gero tsakanin Kumagannam da Nguru. Bai taɓa ci ya hana ni ba, bai taɓa bari wani ya ɗaga mini hannu ba. Na faɗi wannan tun da fari don kada ka ɗauka ƙararsa na kawo.

Tun kafin gemu ya fito mini nake ƙarƙashin kaya. Buhun gyaɗa daga sito zuwa tarago, a kan katakon nan da ake gittawa, wanda ke lanƙwasa in ka zo tsakiyarsa. In babu gyaɗa akwai kanwa, akwai fata, akwai bandar kifi. Ba yabon kai ba, in ana maganar ƙarfin ƙafa duk tashar nan an san ni, abokan aiki kan ce cinyata turmi ce. Amma ina ganin tsofaffinmu. Dako ba ya tsufa da mutum, yana gama cin bayanka sai ya tofar da kai. Ga mahaifiyata Gogo can Gashuwa ita kaɗai, idonta ya fara hazo, maƙwabta ke ɗebo mata ruwa. Shi ya sa da na ji En'e za ta ɗauki sababbin 'yan doka a Gashuwa bara, na ce to ga hanyar komawa gida da aikin da ba zai karya ni ba.

Mun taru da yawa, gurbin kuwa kaɗan ne. Aka auna tsawo na wuce, aka auna ƙirji har mai awon ya dube ni ya yi dariya. Sai aka ce saura tsere, yadi ɗari, rukuni rukuni, waɗanda suka riga isa su za a tace. Malam, wallahi ban ɗauki abin komai ba. A gefena aka tsayar da wani siririn yaro daga Jajimaji, ƙafafunsa kamar sillen kara, har na ji tausayinsa. Aka busa usur. Ni dai na san na sa duk ƙarfin da Allah Ya ba ni, ina jin ƙasa tana amsawa, amma yaron nan kamar ba ya taɓa ta. Kafin in kai rabi sai ƙeyarsa nake gani, sannan ƙeyar wani, da ta wani. Ina cikin wannan hali wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce a taimaka a sauke wa wancan kayansa. Filin ya ɗauki dariya. Ni kuwa babu komai a kaina, ko hula babu, ban ma gane abin da yake nufi ba a lokacin.

Abin da ya ƙara munin abin, Kawu ya biyo ni da abokansa, tun a cikin mota yake cika baki cewa ɗansa zai bar su kamar an ɗaure su. Har yau in ya kai kaya Gashuwa ba ya zama a rumfar da ya saba zama, yana saukewa sai ya juyo.

An ce bana za a sake ɗauka kafin a kama azumi, kuma an gaya mini in na wuce bana shekaruna sun haura. Kawu ya yanke cewa ƙarfi ne bai isa ba. Ya ce ƙafa kamar jaki take, in ta saba da kaya mai nauyi, ranar da aka sauke mata sai ta tashi sama. Don haka tun da sanyi ya wuce, kullum bayan sallar asuba sai mu tafi wata jigawa bayan gari, ya aza mini rabin buhun gero, in hau da gudu in sauko, in hau in sauko, shi yana tsaye a ƙasa da sandarsa, har sai rairayi ya fara zafi. Daga nan in wuce tasha in kama aiki. Ƙafar kam ta ƙara kauri, wandona ma ya shaida. Amma da na gwada da samarin unguwa a fili ban ga na ƙara komai ba, in ma ba raguwa na yi ba. Sai kuma agarata ta hagu, daidai saman dunduniya, ta fara ciwo. Yanzu ta ɗan kumbura, da safe sai na yi ɗingishi kafin ta saki.

Akwai wani tsohon soja, Dunoma, mutumin Machina, wanda ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, yanzu shi ke gadin wani sito kusa da inda muke gwaji. Wata rana da yamma ya kira ni, tada yake ce mini, wato yaro da yarensu. Ya ce ya daɗe yana kallona, ƙarfin da ke ƙafata ya ishi mutum biyu, amma ni ba gudu nake yi ba, dako nake yi da sauri. Ya ce wuyana a sandare yake kamar ina tsoron wani abu ya faɗo, hannuna na dama yana ɗagowa rabi ya tsaya kamar zai tallafi buhu, na hagu yana lilo a banza, gwiwata ba ta tashi, ina ta sassarfar nan tamu ta 'yan dako wadda ake yi don kada kaya ya girgiza. Na yi musu. Sai ya share ƙasa da reshe ya ce in bi ta wurin da gudu, sannan ya kama hannuna ya nuna mini sawuna. Malam, layi biyu ne a ware kamar na mai tsallaka taɓo, yatsu sun kalli waje, dunduniya ta nutse. Ya bi ta gefe da tsufansa, nasa sawun ya fito kusan layi ɗaya, rabin tafin ƙafa kawai. A nan maganar ɗan kallon nan na filin Gashuwa ta dawo mini, na ji kunya sabuwa fil.

Ya fara koya mini a ɓoye. In lanƙwasa hannu in riƙa tura shi gaba da baya, in karkata gaba wajen tashi, in taka da gaban ƙafa. Amma gaskiya ji nake kamar zan kifa, kuma na kifa ɗin, sau biyu, har na goge haɓa. Ina tunanin hannu sai ƙafa ta rikice, ina tunanin ƙafa sai wuya ya koma yadda ya saba. Gudun nawa ma ya fi na da lalacewa, ciwon agarar kuma ya ƙaru. Wani ya kai wa Kawu labari. Kawu ya je har bakin sito ya yi wa Dunoma tatas a gaban mutane, ya ce shi ya lalata mini ƙafa da tafiyar sanɗa irin ta ɓarayi, kuma in ya sake ganinsa da ni hukuma ce za ta raba su. Dunoma ya ce buhu da rairayi ne suka ci agarar, ya kuma ce ba zai ƙara sa baki a sha'anin ɗan wani ba. Yanzu in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri.

To ga abin da ya hana ni barci. Kawu ya ce mataccen jini ne ya taru ya yi wa ƙafar nauyi. Ya riga ya kai wa wanzami goro. Za a yi mini ƙaho a sharaɓa, sannan a yi mini lalas, wato a sa ƙarfe a wuta ya yi ja a ja mini layi a gefen agara nan da nan, ƙafa biyu, har da mai lafiyar don su yi daidai. Haka yake yi wa jakunansa in sun gurgunce, kuma na gani da idona suna warkewa, ba zan yi masa ƙarya ba. An sa Juma'ar farko ta Sha'aban, wai don miki ya bushe kafin ranar tsere. Amma akwai Kalli. Kalli ɗan dako ne da, ya fi ni ƙarfi, gwiwarsa ta kumbura aka sa mata wuta, mikin ya ruɓe ya ci ciki. Yau yana zaune bakin tasha yana sayar da goro, in zai tashi sai ya ɗaga ƙafar da hannu. Kullum sai na wuce ta gabansa da buhu a ka, kuma kullum sai idona ya sauka a kan ƙafar nan. Kawu ya ce na Kalli ƙaddara ce, kuma shi ya jawo da ya shiga ruwa kafin lokaci.

Na gwada magana, na durƙusa na ce ko a dakata. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce in na ƙi, to na zaɓi soja ya zama ubana, in naɗe tabarmata in koma bakin sito. Yana faɗa idonsa ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da jakunansa suka mutu a hanya. Ni kuwa tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba, bakina bai ma san yadda ake yi ba. Ina tsoron ƙarfen nan, Malam, tsoro na gaske. Ina kuma tsoron in ƙi, in je in sake faɗuwa, ya ce ai ga shi nan. Gaba kura baya sayaki.

Ka gaya mini, gudu ƙarfi ne ko iyawa? Buhun nan yana ƙara mini ko yana rage mini? Wutar tana magani? In kuma ba ta yi, yaya mutum zai ƙi maganar wanda ya rene shi ba tare da ya zama butulu ba? Na san in ka buga wannan watakila Kawu ya gane, amma ba ni da wani wurin kai kuka.

Naka cikin damuwa,
Mai Gammo, Tashar Nguru.

AMSA

Mai Gammo,

Na karanta takardarka, na tsallake da ita gaban waɗanda suka riga ta zuwa saboda Juma'ar da ka ambata. Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ka yarda a sa wa agararka wuta. Ko mai ciwon, balle mai lafiyar. Agara ita ce igiyar da ke ɗaga dunduniya, da ita kake hawa katakon tarago, da ita za ka yi tseren. In miki ya warke lafiya ma, fatar wurin takan tsuke ta riƙe ƙafa, in kuwa bai warke lafiya ba, ka riga ka san inda Kalli ke zama. Kada garin neman gira a rasa ido. Gobe ka je wurin malamin asibiti ya duba kumburin, ka bi abin da ya ce.

Tambayarka ta ƙarfi ko iyawa kuwa, na yi shekaru ina koyarwa a makarantar Midil, ni ke fita da yara fili, kuma na ga irinka na ga irin ɗan Jajimaji. Kawunka bai yi kuskure ba da ya ce gudu yana son ƙarfi. Mai gudu tura ƙasa yake yi baya, wanda ya fi tura ta da ƙarfi takunsa ya fi tsawo. Inda ya kauce shi ne irin ƙarfin. Dako yana son ƙafa ta zauna a ƙasa ta daɗe, ta tabbata, kafin ɗayar ta tashi. Tsere yana son ƙafa ta taɓa ƙasa ta bar ta nan take, kamar ka taka garwashi. Siririn yaron nan bai kai rabin ƙarfinka ba, amma ɗan abin da yake da shi yana zuba shi duka cikin ƙiftawar ido, kai kuwa kafin naka ya gama fitowa an wuce wurin. Buhun gero a kan jigawa yana ƙara maka abin da kake da shi har ya yi yawa, yana kuma ƙara kafa maka tafiyar da ta kayar da kai bara. Ka sauke shi.

Dunoma ya ga daidai, idonsa ido ne. Amma shi ma yana da nasa laifin, kada ka ɗauka na wanke shi tas. Ƙafar da ta yi shekaru tana sauka a kan dunduniya ba a mayar da ita kan yatsu rana ɗaya, balle tana cikin ciwo. Buhu da rairayi suka fara cin agarar, gaggawar soja ta ƙara mata. Kuma ya ɗora maka hannu da wuya da gwiwa duk a lokaci guda, dole ka kifa. Kifawar nan kada ta karya maka zuciya, duk wanda ya sake tafiya sai ya fara lalacewa kafin ya gyaru.

Ga yadda za ka yi. Da farko hutu, babu gudu ko kaɗan sai kumburin ya saɓe, sai ka tashi da safe ka taka ba ɗingishi. In sarkin dakonku zai yarda ka koma ɗinkin buhu ko jeren kaya na ɗan lokaci, ka roƙe shi. Cikin hutun nan ka koyi hannu, don hannu ba ya bukatar agara. Ka zauna a tabarma ka miƙe ƙafa, ka lanƙwasa hannu biyu, ka riƙa kai su gaba da baya daga kafaɗa, tafin hannu ya zo daidai haɓa ya koma daidai ƙugu, kada ya gitta ƙirji. Ka saki wuya, ka saki muƙamuƙi. Yara za su yi maka dariya, ka bar su, an yi maka wadda ta fi wannan ba ka mutu ba.

In ƙafa ta sake, ka nemi fako mai tauri marar tsakuwa, ka bar rairayi. Ka ja layi ɗaya a ƙasa ka riƙa bin sa, da tafiya tukuna, sannan da gudu marar ƙarfi, gwiwa tana tashi, yatsu suna kallon gaba, ƙafa tana sauka a ƙarƙashinka ba can gabanka ba. Kada ka tilasta ɗage dunduniya, in gwiwa ta tashi jiki ya ɗan karkata, gaban ƙafa zai riƙa sauka da kansa. Abu ɗaya za ka riƙa gyarawa a rana. Bayan haka sai gajeren gudu da dukkan ƙarfi, abin da bai kai rabin filin tseren ba, ka dawo da tafiya, ka huta har numfashi ya kwanta sarai, sannan ka sake. 'Yan kaɗan sun isa, kuma yau in ka yi gobe ka huta. Wanda ya gaji ba sauri yake koya ba, wahala yake koya, kai kuwa ka riga ka haddace ta. Wajen tashi, in an bari, ka tona 'yan ramuka biyu inda yatsunka za su tokare, ka fita a karkace kamar mai tura motar da ta maƙale, ka miƙe a hankali. Ranar tsere kada ka dubi na gefenka, kada ka tsaya a kan layi, ka wuce shi da gudu. Kwanakin ƙarshe kuma ka huta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba zan yi maka alkawarin za ka riga kowa ba. Wani sauri baiwa ce, da ita ake haihuwar mutum. Amma ba a ce sai ka riga kowa ba, cewa aka yi ka shiga cikin waɗanda za a tace, kuma mai ƙarfinka in ya daina kokawa da jikinsa, abin da zai ƙaru ba kaɗan ba ne.

Saura Kawu. Ka shiga motar Gashuwa kafin Sha'aban ka gaya wa Gogo komai. Ita ce gaba da shi, abin da ba zai ji daga bakinka ba zai ji daga bakin yayarsa, kuma ƙafar da za a ƙona ita ta haife ta, bai kamata ta ji labari daga baya ba. Goron wanzami kuwa ba sai an mayar ba, ya zo ran Juma'ar ya yi muku aski kai da Kawu, ya tafi da mutuncinsa.

Ka ce ka sake sunaye don kada a gane. Ɗana, 'yan dako nawa ne a Nguru ke hawan jigawa da rabin buhun gero? Tun akawu bai kai tsakiyar takardarka ba kowa a inuwar nan ya san da wa ake. Na yi tunanin in ƙi bugawa, sai na ga kamar abin da bakinka ya kasa faɗa ne hannunka ya rubuta, kuma ka san wanda zai ji. Saboda haka ka matsa gefe, zan yi magana da babba.

Malam Yuguda, ina gaishe ka, ina kuma roƙon waɗanda ke zaune kusa da kai su bar dariya, don a cikinsu ba kowa ne ya ɗauki maraya ya mayar da shi mutum ba. Ka ji da kunnenka yaron nan bai faɗi aibinka ko ɗaya ba. Na san abin da aka yi maka a filin Gashuwa yana ci maka rai, kuma na san don ƙauna kake tashi da asuba ka bi shi jigawa. Tambaya ɗaya zan yi maka, kai da ka fi ni sanin dabba. In ka yi wa jaki lalas, washegari kana aza masa kanwa? Ba ka yi. Ɗaure shi kake yi a inuwa, ka ba shi harawa da dusa, ka hana kowa hawansa har ya taka daidai. To ka taɓa gwada ba shi inuwar da harawar ba tare da wutar ba? Ni ina zaton hutun ne ke warkar da jakunanka, wutar tana karɓar godiya. Ka gwada a kan ɗanka, ka ba shi hutun ka bar ƙarfen. In na yi kuskure, abin da aka rasa kwanaki ne. In kai ka yi kuskure, abin da za a rasa kana ganinsa kullum a gaban faifan goro.

Kuma kai mai karanta sawu ne, daga sawu kake gane jakin da ke ɗingishi tun mai shi bai sani ba. Ka sa a share ƙasa, yaron ya bi da gudu, ka duba da idonka, gani ya kori ji. In ka ga abin da sojan ya gani, ka aika masa da goro, kai ka riƙe linzamin, shi ya riƙa faɗin nasa. Ka tsaya a ƙarshen layi ka duba ko sawun yana haɗewa, da yamma ka murza masa sharaɓa da man shanu, ka yi masa addu'a. Ba wanda zai ce soja ya ƙwace maka ɗa.

Mai Gammo, na dawo gare ka. In duk an yi wannan, Gogo ta yi magana, Juma'ar ta zo aka hura wuta duk da haka, to ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka ce Kawu ka yafe mini, ba zan iya ba. Wannan ba butulci ba ne. Butulu shi ne wanda ya manta alheri, kai kuwa takardarka tun daga farko lissafin alherinsa take. In ya ce ka naɗe tabarma, ka naɗe ba tare da ka mayar da magana ba, ka kwana inda ka samu, da asuba ka zo ka gaishe shi, gobe ma haka. Mutumin da idonsa ya kawo ruwa wajen korar ka ba zai daɗe yana kallon wurin tabarmar nan babu kowa ba. Tabarma ana mayar da ita ɗaki, agarar da ta ƙone ba ta komawa yadda take.

Ranar tsere kuma, in kun jeru, na san za ka ji nauyi a ka, ga Gogo, ga Kawu, ga dariyar bara. Mutumin nan da ya yi maka ba'a ya faɗi gaskiya bai sani ba. Ka sauke su duka a bakin layi, yadi ɗari ne kawai, in ka isa ka dawo ka ɗauki abinka.

Allah Ya ba ƙafarka lafiya, Ya sanyaya zuciyar Kawu, Ya buɗe wa Gogo ido ta gan ka kana shigowa gida da ƙafafunka biyu, da kaki ko babu.

Naka,
Malamin Fili.